Taƙaitawa: Dokar Motocin Ɗaukar Ɗalibai

Ga abin da aka tattauna, na haɗa shi wuri guda.

1. Kowa ya yarda lodi ne babbar matsala. Bas mai kujera 18 a cusa mata yara 30, wasu a but. Nauyin yana tsawaita nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya. Kowane yaro da kujerarsa.

2. Taya: a duba lambobi huɗu da ke gefenta. Su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23, shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) na gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu, don roba na tsagewa a zafin kwalta ko da zanenta bai cinye ba.

3. Abin da kowace mota ke buƙata: direba da lasisi mai aiki, takardar lafiyar mota daga jami'an duba motoci (VIO), abin kashe gobara, da babban mutum a bakin ƙofa yana ƙirga yara wajen hawa da sauka.

4. Adaidaita sahu ne aka rabu a kai. Wasu sun ce a hana su ɗaukar ɗalibai baki ɗaya. Wasu sun ce talaka ba shi da wata hanya, gara hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano (KAROTA) ta ƙayyade adadin yaran da za a ɗauka, ta hana zama gefen direba. Ni ma nan na karkata.

5. Yi wa motocin fentin ruwan ɗorawa: an so shi, kuɗin ne ake jayayya wa zai biya.