Neman shawara: shuke-shukena suna ruɓewa tun da muka koma Legas

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku game da shuke-shuken da nake ajiyewa a falo, irin masu kaurin ganyen nan da ke tara ruwa a jikinsu. Shekara 4 ina renon su a Katsina, ina ba su ruwa duk ranar Juma'a da safe, ko ɗaya bai taɓa mutuwa ba, amma tun da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Legas muka taho da su, da shigowar watan Yuni sai al'amarinsu ya rikice. Ina da alobera tukunya biyu, da moda, da 'yar ƙaramar kariya, da Echeveria (wani ɗan tsiro mai kaurin ganye da ke jeruwa kamar fure) guda uku. Ganyen ƙasa na Echeveria ya yi rawaya, ya yi laushi har haske yana ratsa shi, da na taɓa sai ya faɗo a hannuna, shekaranjiya kuma na tarar da gindin ɗaya ya yi baƙi yana wari. Gidanmu a hawan ƙasa yake, tagar falon kullum a rufe saboda sauro, har takalman fata da ke cikin kabad sun fara fumfuna. Shin laimar iskar ce ke kashe su har sai na sayi na'urar tsotse laima, ko akwai kuskuren da nake yi?

Wani dattijo mai renon fulawa a Fatakwal:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Laimar tana da hannu, amma ta cikin tukunya take bi ta yi ɓarnar. A Arewa iska a bushe take mafi yawan shekara, da hunturu laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, don haka ƙasar tukunya kan bushe cikin kwana biyu ko uku. A Legas kuwa da damina laimar kan wuce kashi 80, ƙasar ba ta samun inda za ta sauke ruwanta, sai ruwan wannan Juma'ar ya tarar da na waccan bai tafi ba. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, idan ta daɗe a jiƙe sai ta mutu, ruɓa ta hau gindi. Ki manta da lissafin Juma'a. Ki samo tsinken tsire ki soka shi har ƙasan tukunya, ki bar shi 'yan mintuna; idan ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, kada ki zuba ko ɗigo, ko da an yi mako uku ko wata guda.

Wata 'yar'uwa daga Ibadan:
Ƙanwata, ki fara ceto wadda gindinta ya yi baƙi tun yau. Ki yanke kan da wuƙa mai tsabta a saman inda ruɓar ta tsaya, ki ci gaba da yankewa har sai kin ga cikin ya fito fes babu ɗigon baƙi, sannan ki ajiye shi a inuwa kwana uku zuwa biyar bakin yankan ya bushe kafin ki ɗora shi a kan busasshiyar ƙasa. Sauran kuma ki fitar da su daga tukwanen roba ki mayar cikin na ƙasa masu huji, domin tukunyar ƙasa tana fitar da danshi ta jikinta, kamar dai yadda randa ke zufa. Baƙar ƙasar da masu fulawa ke sayarwa tana riƙe ruwa da yawa. Ki haɗa kashi ɗaya nata da kashi biyu na yashi mai kauri da ƙananan tsakuwa, ki ɗan farfasa gawayi a ciki. Ni nakan kuma shimfiɗa tsakuwa a ƙasan tukunya.

Wani malamin kimiyyar tsirrai:
Na yarda da duk abin da Yaya ta faɗa, in ban da shimfiɗa tsakuwa a ƙasa. Ruwa ba ya saurin sauka daga lallausar ƙasa zuwa cikin tsakuwa, yakan tsaya a samanta, wato jiƙaƙƙen wurin ya ƙara matsowa kusa da saiwa ke nan. A cuɗa tsakuwar da ƙasar gaba ɗaya ya fi. Game da iska kuma, yawancin irin waɗannan tsirrai da dare suke buɗe ƙofofin numfashin ganyensu don kada zafin rana ya ƙwace musu ruwa, kuma da daren ne laimar ɗaki ke hawa saboda sanyi, shi ya sa falo a rufe ruf yake cutar da su. Ki sa wa tagar ragar sauro ki riƙa buɗe ta, ki kunna ƙaramar fanka ta riƙa kaɗa iska a gefensu, ki raba tukwanen kada ganye ya taɓa ganye. Kada ki fesa musu ruwa, kada ki bar ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen Echeveria ko a farantin da ke ƙarƙashin tukunya, kuma kada a shanya wanki a ɗakin. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin laima mai aiki da batir. Kashi 40 zuwa 50 ne suka fi so, amma idan iska tana motsi kuma ƙasar tana bushewa, suna jure abin da ya fi haka.

Wata mazauniyar Agege:
Maganar na'urar tsotse laima, Hajiya, ki duba yanayin wutar unguwarku tukuna, don ba ta da amfani idan ba ta yi awoyi tana aiki a ɗaki rufaffe ba, kuma idan kuna da na'urar sanyaya ɗaki, ita ma tana rage laima. Ni dai a ganina ba duka ne za su ba ki wahala ba. Moda 'yar yankinmu ce ta Afirka ta Yamma, ba ta cika damuwa ba. Kariya rana take so sosai, ki kai ta baranda inda ruwan sama ba ya dukanta. Echeveria ce mai wuyar sha'ani, asalinta yawanci daga tsaunukan Meziko, ki ba ta taga mafi haske.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na zazzage tukwanen ɗazu, ƙasar ta fito a dunƙule kamar kwaɓin gini, alhali kwana tara rabona da ba su ruwa, saiwar alobera ɗaya kuma ta koma ruwan ƙasa tana saɓulewa. Yashin bakin teku zai yi? Shi ne ya fi mini kusa.

Dattijon Fatakwal:
A'a, Hajiya, yana da gishiri, kuma ya cika laushi, toshe ƙasar zai yi. Ki nemi yashin gini mai kauri a wurin masu buga bulo, ki tankaɗe ki zubar da garin, ki wanke abin da ya rage a rariya ki shanya. Aloberar kuma ki gutsure matacciyar saiwar, ki bar ta ta sha iska kwana biyu, bayan dashe ki jira mako guda kafin ruwan farko.