Wa Ya Kashe Kogi?

Mai Tawada:
Assalamu alaikum. Ga abin da za mu yi musaya a kai: gurɓatar da ba a iya nuna ƙofar da ta fito. Amsa-amonmu "wa" ne. Bismillah.

Da sunan Allah zan buɗe fage,
Da tambayar da ta hana ni runtsawa.
Masana'anta in ta zubar da dagwalo,
Ga bututunta nan, ana nunawa.
To kogin da ya mutu ba bututu fa?
Wa za a kira ya zo amsawa?

'Yar Damina:
Wa alaikumus salam, Malam.

Ruwan sama ɗan aike ne, Malam,
Abin da muka yar yake kwasowa.
Jiya na tsaya a bakin kwalbati,
Ruwa na gudu ina dubawa.
Baƙin mai ya shimfiɗu a samansa,
Kamar bakan gizo yana walƙawa.
Guntun sigari, leda, ƙurar taya,
Lambatu ya haɗa yana turawa.
Can gona, takin da shuka ba ta ci ba,
Da maganin feshi suna biyowa.

Manomi:
Ƙanwata, ki yi wa manomi adalci,
Da takin nan ake ciyar da kowa.
Wanda ruwa ya kwashe asarata ce,
Ina ji ina gani yana wucewa.

Dattijo:
Ɗana, ba zarginka take yi ba. Tsaya ka ji inda takin yake ƙarewa.

Kogin Misisipi na ƙasar Amurka,
Gonakin masara yake ratsawa.
Naitirojin da fosfaros na taki yake ɗauka,
A Tekun Meksiko yake juyewa.
Gansakuka ta ci ta rufe ruwa,
Ta mace, ta nutse, tana ruɓewa.
Ruɓar ta shanye iskar oksijin,
Kifi ya gudu, kaguwa na macewa.
A 2017 da aka auna wurin,
Murabba'in kilomita 22,000 yake haurawa.
Birnin Toledo na Amurka kuwa, Agustan 2014,
Tafkin Erie ya yi kore, dafi na yaɗuwa.
Mutum sama da 400,000, kwana 3,
Famfo na zuba, ba mai kurɓawa.

Direba:
Baba, wallahi jikina ya yi sanyi. Mu masu riƙe da sitiyari ma da namu kason.

Tayar da ta suɗe, ina robar ta tafi?
Tana kan kwalta, ruwa na wankewa.
A 2020, a Jami'ar Washington,
Masana suka gano mai kashewa:
Sinadarin 6PPD na taya in ya gamu da iskar ozon,
Kifin salmon a rafi yake hallakawa.
Baƙin man da na saba tuttule wa ƙasa,
Daga yau a jarka zan ke tarawa.

Manomi:
Baba, na ji, na kuma ɗauka.

Bakin rafi ba zan ƙara nome shi ba,
Zan bar shi ya cika da ciyawa.
Saiwa ta riƙe ƙasa, ta tace ruwa,
Ta tare abin da ke gangarowa.
In hadari ya haɗo, buhu a ɗaure,
Sai sama ta washe zan yi barbaɗawa.

'Yar Damina:
Allah Ya yi albarka, Yaya. Amma ba ka gama da ni ba.

Gonarka in ta kwanta kan gangare,
Ruwa da ƙarfi yake saukowa.
Taku nawa za ka bar wa ciyawar nan?
Faɗa mini, Yaya, ina saurarawa.