Idan an kawo wuta da dare: aikin gida ko kallo?

Uwar Biyar, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye mata da magidanta a kan wani abu da ya zame mana ruwan dare a gida. 'Ya'yana biyar ne, mata uku da maza biyu, babbar tana aji biyar a sakandare, auta kuma bai cika shekara 7 ba, sannan mahaifiyar maigidana tana zaune tare da mu. A unguwarmu galibi bayan sallar magariba ake kawo wuta, wata rana ta kai ƙarfe goma sha ɗaya, wata rana kuwa ko awa biyu ba ta yi. Da zarar ƙwan tsakar gida ya haska, sai yara su saki duk abin da ke hannunsu su nufi falo da gudu. Shekaranjiya na tarar da kwanuka a jiƙe cikin baho da kumfarsu, tsintsiya a yashe a bakin ƙofa, tuwon da na bar wa babbar ta kwashe kuma ya kama har gindin tukunyar ya koma ƙanzo. Hajiya ta hana a zubar, ta ce a shanya mata za ta yi kwaɗo da ƙuliƙuli, amma ni raina ya ɓaci.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a cikin waɗannan awoyi ne ake son a goge kayan makaranta, a tura ruwa tanki, a yi markaɗe, a sa wayoyi a caji. A falon ma ba zaman lafiya ake yi ba. 'Yan matan suna son fim ɗin Indiya da aka fassara, Baban yara yana son labaran ƙarfe tara, ranar Talata da Laraba kuma ƙwallo, ita kuwa Hajiya wasan kwaikwayon Hausa take so, kuma tana kallo tana jan kunnen waɗanda ke cikin akwatin, tana cewa "kada ki sha, an zuba magani", idan ba su ji ba ta yi fushi da gaske. Ba na son in hana kallo, domin shi ne kaɗai lokacin da mu takwas muke zama wuri ɗaya. Yaya kuke yi a gidajenku?

Tsohuwar Malama, Katsina

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya zuri'a. Sa'ad da muke yara ba a buɗe tashar talabijin sai da yamma, kuma idan dare ya yi nisa a sa taken ƙasa a rufe, saboda haka ita kanta tashar ce take tsara mana lokaci. Yanzu kuwa, tun da aka samu tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ana kallon Hausa dare da rana, babu mai cewa an tashi. Ke nan uwar gida ce za ta yi aikin da tashar take yi a da.

Shawarata ita ce ki raba aikin gida gida biyu. Akwai aikin da yake bukatar ido, wato duk abin da ya shafi murhu, wuƙa da ruwan wanke-wanke, kuma wannan dole ne a gama shi kafin kiran sallar magariba. Tuwon dare a tuƙa shi bayan la'asar, a malmala, a naɗe a leda, a jera cikin kula, zai kai isha'i da zafinsa, miya kuma a ɗumama ta kawai. Yarinya 'yar shekara 16 da aka tsayar a gaban tukunya tana jiyo kiɗan fim daga falo, jikinta ne kawai yake kicin, kuma ba na ganin laifinta sosai a kan ƙanzon nan.

Akwai kuma aikin da hannu yake yi ko da ido yana wani wuri, kuma irinsa ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Gyaran waken da za a jiƙa don ƙosan safe, ɓarar gyaɗa, tsinke zogale, linke wankakkun kaya, tsifar kai da kitso, duk ana yin su a zaune. A gidana faranti ne kuɗin shiga falo, kowa ya shigo da nasa a hannu. Iyayenmu ma haka suka yi da tatsuniya, ba a zama hira hannu sake, ana "ga ta nan, ga ta nanku" ana gurzar auduga ko ana ɓarar gyaɗa.

Sai dai akwai tambayar da nake son in yi miki, kuma kada ki ji haushi. A duk labarin da kika bayar ban ga inda samarin biyu suke ba. Shara, ɗiban ruwa da wanke kwanon da mutum ya ci abinci a ciki ba aikin mata kaɗai ba ne, kuma 'yan matan suna lura da wanda ake tasa daga gaban talabijin da wanda ake ƙyalewa.

Magidanci, Jos

Hajiya Malama ta gama magana a kan girki, ni kuma zan taɓa batun wutar. Dutsen guga yana cin wat 1000 ko fiye, talabijin na zamani matsakaici kuwa bai kai wat 100 ba, shi ya sa ƙaramin janareta yake ɗaukar talabijin da fanka amma ba ya ɗaukar guga. Ma'ana, idan aka ɗauke wuta ana iya ci gaba da kallo ta wata hanya, amma guga da tura ruwa sun wuce ke nan sai gobe. Don haka a gidana rabin awa na farko na famfo ne da dutsen guga, kuma kayan makarantar mako guda ake gogewa a zama ɗaya, ba kullum ba. Ana iya shimfiɗa bargo a gefen falo mai guga yana yi yana kallo, muddin an nisantar da auta daga wurin. Ki ajiye dutsen guga na gawayi ma, yana fitar da mutum kunya ranar Lahadi da dare.

Game da Malam kuwa, da zan samu ganinsa da na ce masa labarai ba sai an gan su ba. Rediyo yana nan, sashen Hausa na BBC yana da shirin dare da ƙarfe takwas da rabi, ana iya ji a tsakar gida ana shan iska. Wasannin gasar zakarun Turai kuma galibi suna farawa ne da ƙarfe takwas ko tara agogon Najeriya, gwargwadon lokacin shekara, kuma ba kowane mako ake yin su ba. Idan aka bar masa waɗannan dararen, shi kuma ya bar wa mahaifiyarsa da yara sauran, ina ganin an yi adalci.

Mai Ɗinkin Hula

Yaya, na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ban yarda a mayar da kowane zaman kallo zaman aiki ba. Yaron da ya wuni a boko, ya wuce Islamiyya, ya dawo ya yi shara, yana da haƙƙin ya zauna na ɗan lokaci ba tare da faranti a cinya ba. Abin da ya fi dacewa da gaban talabijin a ganina shi ne sana'ar da mutum yake so don kansa. Ni a gaban talabijin na koyi ɗinkin hula a wurin gwaggona, kuma har yau a nan nake yawancin aikina. Hula mai cikakken zane tana ɗaukar ni makonni, zare bayan zare, ina ɗaga kai idan an zo wurin da ake rikici, ina mayarwa idan an shiga talla. Wata yarinyar saƙa za ta so, wata lalle, wani yaron kuma zane. Idan aka gama aka sayar, kuɗin ya zama na mai aikin, za ki ga ba sai an tuna masa ba.

Daren da ba a kawo wuta ba kuma kada a ɗauke shi asara. Kuna da Hajiya a gida, kuma matar da take iya yi wa 'yan wasa faɗa daga kan tabarma ba za ta rasa tatsuniya a bakinta ba.

Uwar Biyar, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Malama, maganarki a kan samarin ta shige ni, domin gaskiya ce, ban taɓa tasar su daga falo ba. Mako guda ke nan da na mayar da tuƙin tuwo bayan la'asar, na kuma ba babban namijin sharar tsakar gida da kula da tanki, auta kuma yana kwashe kwanuka zuwa wurin wanke-wanke. Ranar farko an sha ƙorafi, amma da Babansu ya sa baki sai magana ta mutu. Malam ya karɓi shawarar rediyo, sai dai ya ce daren ƙwallo ba ya cikin ciniki. Gugar mako guda ba ta yiwu mana ba tukuna, saboda kowane yaro kayan makaranta kala biyu kawai gare shi, don haka Laraba da Lahadi muke yi. Jiya Hajiya ta sa an sayo mata zare da allura, ta ce za ta koya wa ta tsakiyar ɗinkin hula, amma da sharaɗin ba za a yi mata tambaya ba sai an shiga talla.