Taimakon gaggawa: me za mu kira rime ice da Hausa?

Maman Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu Hausa a agaza min, ƙarfe 4 na yamman nan za mu naɗi shirinmu na kimiyya kuma kalma ɗaya ta hana ni sakat. Shirin a kan ma'aikatan tashar duba yanayi ne da ke ƙololuwar Dutsen Washington a jihar New Hampshire ta Amurka, tsayinsa mita 1,917, tun 1932 aka kafa tashar. Babban abin da ke ba su wahala da hunturu shi ne wani abu da Bature ke ce wa rime ice. Ba ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan sama ba ce, ba kuma dusar ƙanƙara ba. Gajimare ne ke lulluɓe dutsen, a cikinsa akwai mitsi-mitsin ɗigon ruwa da sanyinsu ya wuce na daskarewa amma ba su daskare ba, da iska ta kwaso su ta maka a jikin ƙarfe ko bango sai su daskare nan take, wani kan wani, fari fat. Yana toshe musu na'urar auna iska, dole kowace awa mutum ya hau hasumiya da sandar ƙarfe ya farfasa shi. Sau takwas kalmar ta fito a rubutun, ba zan iya yin wannan dogon bayanin sau takwas ba.

Bash: wslm Anti. raɓar ƙanƙara kawai. tunda dusar ƙanƙara ta zauna wannan ma zai zauna

Auwal Boston: Bash raɓa ba ta yi ba gaskiya. Raɓa da dare take sauka in gari ya yi tsit babu iska, wannan kuwa iska ce uwarsa ubansa, in babu iska ba ya girma. Kuma abin mamakin, ta ɓangaren da iskar ke tahowa yake tsirowa, wato yana tunkarar iskar ne ba ya bin bayanta, in ka ga hoton allon da ke kan dutsen za ka ga ya yi tsini duk ta gefe ɗaya. Akwai wani daban da ke kwanciya kan ciyawa da gilashin mota da asuba, shi ne ya cancanci raɓar ƙanƙara, a bar masa sunan kar mu kashe shi a nan. Ni ƙanƙarar hazo nake gani.

Maman Sadiq: Ƙanƙarar hazo ta ɗan kwanta min. Akwai mai ja?

Malam Tanko: Akwai. Hajiya, hazo ƙura ce. Busasshen abu ne da ke tasowa daga hamada ya fasa leɓe ya sa kaushi, ta ina za a samu ƙanƙara a cikinsa? Manomi a ƙauye in ya ji ƙanƙarar hazo zai ɗauka ƙanƙara ce ta faɗo da hunturu ya ce 'yan rediyo sun fara. Shekaru na yi ina koyar da Hausa, kuma Bahaushe ba da lissafin kimiyya yake raɗa wa abu suna ba, da ido yake raɗawa. Abu fari, ya tsiro a hankali a kan dutse, ya yi sili-sili. FURFURAR DUTSE. Ku faɗa da baki ku ji yadda ta zauna.

Bash: Allah ya gafarta Malam ai wannan take ne na waƙa ba labarai ba 😂

Malam Tanko: Yaro, dusar ƙanƙarar da ka kawo ɗazu fa? Dusa ba abincin awaki ba ce? Wanda ya fara faɗa ai da ido ya duba, yau ga shi har kai kana kafa hujja da ita.

Auwal Boston: Ranka ya daɗe matsalar ba a jikin dutse kaɗai yake fitowa ba, yana kama fukafukin jirgin sama in ya ratsa irin wannan gajimaren, yana kama wayar lantarki da eriya. In jirgi ya samu matsala sai mai labarai ya ce furfurar dutse ta kama jirgi a sararin sama?

Malam Tanko: Sai a ce furfurar sanyi. Uwar kalmar dai furfura ce.

Sani Gembu: Ku gafarce ni na shigo a makare. Malam da girmanka amma maganar hazo ƙura ce kawai ban yarda ba. Mu nan Mambila da damina gari kan waye ba ka ganin mutum a gabanka, rigarka ta jiƙe ba tare da an yi ruwa ba, direbobi su kunna fitila da rana a hawan dutsen, kuma duk mai jin Hausa a nan hazo yake cewa. Ba mu da wata kalmar. Don Kano ba ta ganin irinsa ba shi ne ya fita daga Hausa ba.

Malam Tanko: Hausar kasuwa daban, daidaitacciyar Hausa daban.

Sani Gembu: To fa. Mu namu na kasuwa ne kenan.

Issoufou Maraɗi: Kullum haka ne, da an taɓa sai a ce daidaitacciya, wato ta Kano. Mu nan ƙurar hunturu buda muke ce mata, kun ga in an bar wa ƙura buda sai hazo ya samu sarari ya ɗauki na ruwan, rigima ta ƙare. Amma wa zai saurari na Maraɗi. Da Faransanci givre ake cewa, kuma ko mu da muka yi lakwal ba mu taɓa ganinsa da ido ba balle mu sa masa suna.

Bash: ni fa ban ga laifin a ce raim ba a wuce wurin. firji muka ara, injin muka ara, janareta muka ara babu wanda ya mutu

Malam Tanko: Wannan lalacin ne ya kai mu inda muke. Waɗanda suka ga abu na tashi sama suka ce jirgin sama, suka ga na kan dogo suka ce jirgin ƙasa, ba su fi ku boko ba, sun fi ku kishin harshe ne. Yanzu a buɗe rediyo rabin jimla Turanci, wai shi ne wayewa.

Maman Sadiq: Malam mu dai muna ƙoƙari, da ba ma ƙoƙari da ban zo nan ina roƙo ba. Jama'a saura awa ɗaya da 'yan mintuna. Bari in sa muku sakin layin ku gwada da kunne:

"Ma'aikatan kan yi mako guda a saman dutsen, ranar Laraba ake canji, kuma da hunturu sai da motar katafila mai sarƙa ake kai su domin hanyar ta rufe. Wasu na aikin rana wasu na dare. Kowace awa sai ɗayansu ya fita waje ya duba yanayi, ya kuma farfasa ______ da ta taru a kan na'urori. A nan ne ranar 12 ga Afrilu 1934 aka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa, kuma ba a samu wadda ta fi ta ba sai a 1996 a tsibirin Barrow na Ostireliya."

Issoufou Maraɗi: "ya farfasa furfurar dutse da ta taru a kan na'urori". Malam ka ji da kanka, ai furfura ba a farfasa ta, tsigewa ake ko a rina 😅

Malam Tanko: Sai a gyara aikatau, a ce ya kakkaɓe.

Auwal Boston: Ba ya kakkaɓuwa Malam, da ƙarfe ake dukansa, wani lokaci cikin awa ɗaya ya ƙaru da inci da yawa, kafin mutum ya sauko ya sha shayi ya koma an sake sabon lale. Shi ya sa nake son kalmar ƙanƙara ta fito a sunan, mai sauraro ya san abu ne mai tauri. Wurin nan ba wasa ba ne, tsohon ginin da ke kan dutsen da sarƙoƙi aka ɗaure shi a ƙasa saboda iska. Anti ki sa wannan a shirin in da wuri, da kyanwarsu Nimbus da ke zaune tare da su a can, yara za su so.

Sani Gembu: ko daskararren hazo?

Auwal Boston: Na yi tunaninsa, amma shi kamar hazon ne da kansa ya daskare a sama yana yawo. Mu abin da ya bari a jikin ƙarfe muke nema.

Bash: ƙanƙarar gajimare fa tunda Malam ya ƙi hazo

Issoufou Maraɗi: wannan ai ita ce ƙanƙarar da muka sani mai kashe gero, daga ina take faɗowa in ba gajimare ba

Maman Sadiq: To na yanke. Ƙanƙarar hazo zan sa. A karon farko zan ce "ƙanƙarar hazo, wato wadda ke samuwa idan hazo mai ruwa ya daskare a jikin abu", daga nan in ci gaba da gajeren. Malam kar ka yi fushi, na sa taka a wuri ɗaya inda ake siffanta hasumiyar, na ce ta yi fari kamar ta yi furfura. Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Af, saura ɗaya, wind chill. A Fabrairun 2023 ma'aunin wurin ya nuna kusan digiri 44 na Celsius ƙasa da sifiri amma da aka haɗa da ƙarfin iska ya kai kusan 78 ƙasa da sifiri. Na rubuta "sanyin da jiki ke ji", ya yi?

Malam Tanko: Jaura. Ga kalma a gida kuna ta kewaye.

Auwal Boston: Jaura iskar ce Malam, wannan lissafi ne, ba za a ce jaura ta kai 78 ba

Maman Sadiq: Kai, an kira ni situdiyo. Na bar shi yadda na rubuta, ku ci gaba zan duba da dare.

Malam Tanko: Ba komai Hajiya, a yi shiri lafiya. Amma a rubuta a ajiye cewa ban amince da hazon nan ba, kuma ni a ajina furfurar sanyi zan koyar.

Sani Gembu: Malam ka zo Gembu a watan Agusta, masauki a wuyana, ka taho da rigar sanyi.