Shekara 35 da alli a hannu: wai rayuwar nan banza ce?

Ɗan Malam: Salamu alaikum. Yau kwana tara da rasuwar Baba, kuma barci ya ƙaurace mini. Shekara 35 ya yi yana koyarwa a firamare, da yawanku a nan shi ya koya muku ƙidaya. Bayan ya yi ritaya, shekara huɗu yana zarya a kan kuɗin sallamarsa, har ya koma ga Allah bai ga ko kwabo ba. Jiya na buɗe akwatinsa na tarar da fayil ɗin neman kuɗin a cikin leda, kowace takarda ya yi mata kwafi uku, gefensu duk ya yi laushi saboda yawan ɗauka. A ƙasan akwatin akwai guntayen alli cikin gwangwanin madara. Daga wanka zuwa rufewa ba a yi awa biyu ba. Washegari a wurin zaman makoki, a kan tabarmar da aka shimfiɗa dominsa, gardamar kuɗin taki ake yi. To ku gaya mini, me muka zo yi? Mutum ya yi gaskiya, ya sha wuya, ya tafi, a manta. Wallahi wani lokacin ji nake rayuwar nan banza ce.

Ustaz: Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna makoma. Amma ƙanina, ka janye wannan kalma. A Suratul Mu'minun aya ta 115 Allah ya tambaye mu ko zato muke an halicce mu a banza, kuma ba za a mayar da mu gare shi ba. A Zariyat aya ta 56 ya faɗi dalilin halittar ƙarara: bauta. Baƙin ciki ba ya halatta wa mutum kowace magana.

Injiniya: Allah gafarta Malam, ai a Suratul Hadid aya ta 20 an ce rayuwar duniya wasa ce da shagala da ado da alfahari. Mene ne bambancinsa da abin da yaron nan ya faɗa?

Ustaz: Bambanci kamar sama da ƙasa. Can *la'ibun wa lahwun* aka ce, nan *abasan*. Wasa daban, banza daban. Kada kowa ya ɗauki fassara a waya ya zo yana tafsiri.

Malamar Hausa: Ku dakata, kun ɗora wa kalmar kayan da ba nata ba. Banza a Hausa ba fuska ɗaya gare ta ba. Idan aka ce aikin banza makaho da waiwaye, ana nufin aikin da ba shi da amfani. Idan aka ce na samu a banza, ana nufin ban biya ko sisi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa, wato babu abin da ke faruwa ba dalili. Baba ya yi aiki an hana shi hakkinsa, an ci guminsa a banza. Wannan ita ce banzar da ke cin zuciyar ɗansa, ba maganar aƙida yake yi ba.

Ustaz: Malama, "rayuwar nan banza ce" ya rubuta, bai ce "an ci gumin Baba a banza" ba. Ga rubutun nan a sama.

Malamar Hausa: Ya kuma ce "wani lokacin ji nake". Me ya sa ka tsallake wannan?

Injiniya: Tambayar nan fa ba yau aka fara ta ba. Albert Camus, Bafaranshen da aka haifa a Aljeriya, ya yi rubutu a kanta a 1942. Ya kawo tatsuniyar Girkawa ta Sisifus, wanda aka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa saman tsauni, da ya kai sai dutsen ya gangaro, ya sake sauka ya turo. A ganinsa mutum na neman ma'ana, duniya kuma ta yi masa shiru, amma duk da haka bai kamata ya yanke ƙauna ba, darajarsa tana cikin ci gaba da turawar. Da na karanta maganar fayil ɗin nan a leda, shi na tuna.

Alhajin Kwari: Subhanallah. Malaminmu mai sallar dare kake haɗawa da gunkin Girkawa?

Injiniya: Ba gunki ba ne, Alhaji, a tatsuniyar sarki ne.

Alhajin Kwari: Sarki ko bawa, ba ruwanmu. Falsafa ce, kuma Imamu Gazali ya gama da ita tuntuni.

Injiniya: Gazalin da kake faɗa, a 1095 ya ajiye koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana da ɗalibai wajen 300, saboda ya binciki niyyarsa ya ga neman suna ne ya fi yawa a cikinta. Harshensa har ƙin motsi ya yi a wajen karatu. Ya bar gari ya tafi Sham. Ke nan shi ma ya tambayi kansa me yake yi da rayuwarsa. Kuma bayan ya soki masu falsafa, Ibn Rushd ya mayar masa da martani. Shi kuwa alƙalin Malikiyya ne a Ƙurɗuba ta Andalus, littafinsa Bidayatul Mujtahid har gobe ana karantawa a ƙasar nan.

Ustaz: Fiƙihunsa muke karantawa, ba falsafarsa ba. Kuma Gazali da ya shiga ruɗani wurin Allah ya gudu, bai tafi tura dutse ba.

Alhajin Kwari: Ni abin da ya fi ba ni mamaki, mai kawo mana sunayen Turawa ko jana'izar bai zo ba.

Injiniya: Ina Fatakwal wurin aiki, kowa ya sani. Na kira waya, na aika abin da ya sawwaƙa. Tunda ka taɓo wannan, ina kuɗin da muka tara wa Baba na asibiti a watan azumi? Har yau ba mu ga lissafi ba.

Alhajin Kwari: Ni kake tuhuma da kuɗin marar lafiya? Abin da na zuba ni kaɗai ya fi na mutum goma.

Ɗan Malam: Yayyena, don Allah. Kuɗin asibiti sun iso, an sayi magani da su. Ni ba wannan na tambaya ba.

Alhajin Kwari: Ka ji da kunnenka. Sai ya ba ni haƙuri a nan inda ya ɓata ni.

Injiniya: Lissafi na nema, ban ce ka ci ba. Neman lissafi ba zagi ba ne.

Maman Biyu: Ni ban iya kawo aya ba. Na san dai a aji uku Baba ne ya saya mini takalmin roba da kuɗinsa, ranar da ya ga ƙafata ta tsage saboda hunturu. Yau ni ce ke karɓar haihuwa a asibitin unguwarmu. Ƙanina, in kana son sanin inda shekara 35 ɗin suka tafi, wasu suna nan wurina. Kuma ka kira ni in dare ya yi maka tsawo.

Ustaz: Sadaka mai gudana ke nan, wadda Annabi (SAW) ya ce ba ta yankewa, tare da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a. Kun ga abin da nake faɗa, kalmar ce dai ba ta dace ba.

Malamar Hausa: Har yanzu kalmar?

Shugaban Zaure: Ya isa haka, na rufe maganar. Na bi ta daga farko, ga abin da na fahimta. Ƙaninmu ya yi furuci cikin zafin rashi, Ustaz ya yi masa gyara da hujja daga Alƙur'ani, kuma ban ga wanda ya iya ture hujjar ba. Bayanin Malama a kan Hausa ya yi kyau, sai dai ba wurinsa ba ne. Abin da ya ɓata zaman shi ne shigo da maganar Turawa da Girkawa cikin ta'aziyyar malaminmu, daga nan ne rai ya ɓaci har aka taɓa mutuncin Alhaji, mutumin da kullum shi ne kan gaba wajen taimako. Injiniya, ina roƙon ka kira shi. Ɗan Malam, ka goge layin ƙarshe na rubutunka, sauran ka bar shi. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu haɗu a ƙofar gidan Baba mu yi masa addu'a, wanda yake gari ya zo.