Shin zanen "Sintirin Dare" ne ya karya Rembrandt?

Baban Asiya: 'Yan uwa, ana yawan cewa Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669, ya fara karyewa ne tun da ya kammala "Sintirin Dare" a 1642. An ce 'yan rundunar tsaron birnin Amstadam da suka biya domin a zana fuskokinsu sun fusata, saboda ya haskaka wasu ya bar wasu cikin duhu, daga nan kuma masu hannu da shuni suka juya masa baya. Ni dai na gamsu da wannan bayani.

Malama Hadiza: Baban Asiya, Allah ya ƙara girma, amma abin da ya biyo bayan zanen bai goyi bayanka ba. Kowanne daga cikin 'yan rundunar ya biya kimanin gilda 100 (kuɗin Holan na lokacin), gwargwadon inda aka tsayar da shi, jimillar ta kai wajen 1,600, kuma kuɗi ne masu kauri a lokacin. Shugaban rundunar, Frans Banninck Cocq, ya sa an kwafi zanen cikin kundin iyalinsa, shi kuma zanen ya ci gaba da zama a zauren rundunar har 1715, lokacin da aka mayar da shi fadar birni. Mutum ba ya adana abin da ya ɓata masa rai a cikin kundin gidansa.

Baban Asiya: To, Malama, me ya sa hotunan attajirai da ya zana suka ragu ƙwarai bayan 1642?

Malam Tukur: Tambayar tana da nauyi, sai dai amsarta ba ta tsaya a zane guda ba. Abin da attajirai suke so ne ya sauya. Sun koma son hoto mai santsi da haske, irin na Bartholomeus van der Helst da na almajiran Rembrandt kansa, Govert Flinck da Ferdinand Bol, alhali shi yana ƙara kaurin fenti da duhu. A 1642 ɗin ne kuma matarsa Saskia ta rasu.

Malama Hadiza: Malam Tukur, ko wannan ma sai an yi masa iyaka. A 1653 wani basarake daga Sisili, Antonio Ruffo, ya sa ya zana masa Aristotle, masanin falsafa na Girka. A 1654 ya zana Jan Six, ɗan babban gida. A 1662 ya kammala aikin da shugabannin ƙungiyar masu duba ingancin yadi suka ba shi na zanensu tare. Abin da ya kayar da shi bashi ne. Ya sayi gida a 1639 a kan gilda 13,000 bai gama biya ba, yana ta kashe kuɗi wajen tara zane-zane, makamai da kayan tarihi, sannan yaƙin Holan da Ingila na 1652 zuwa 1654 ya sa masu bin bashi suka matsa. A 1656 ya miƙa dukiyarsa ga kotu, aka yi gwanjon kayansa da gidan.

Malam Tukur: Ban musa bashin ba, Malama, amma mai ciniki sosai yakan iya biyan bashinsa. Da za a ƙawata sabuwar fadar birni, Flinck aka ba aikin zane 12 a 1659, kuma sai da ya rasu a 1660 aka waiwayi malaminsa da guda ɗaya. Wannan ɗayan ma, na Claudius Civilis, jagoran tawaye ga Rumawa a zamanin da, bai daɗe a bango ba aka sauke shi aka mayar masa.