Istihara: mene ne alamar amsa idan ba a yi mafarki ba?

Ɗan Makaranta:
Assalamu alaikum malamai. Idan mutum yana tsakanin abu biyu, misali aiki biyu ko neman aure, ya yi istihara amma bai ga komai a barci ba, sakewa zai yi ko kuwa? Kuma yaya ake yinta daidai, don kowa da irin bayanin da yake bayarwa.

Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Asalin wannan salla hadisin Jabir ɗan Abdullahi ne a Sahihul Bukhari, inda ya ce Annabi (SAW) yana koya musu istihara a dukkan lamura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Ka karanta hadisin daga farko har ƙarshe, babu maganar mafarki a ciki.

Yadda ake yi: ka yi alwala, ka ƙulla niyyar istihara tun kafin kabbarar harama, ka sallaci raka'a 2 waɗanda ba farilla ba. Imamu Nawawi ya so a karanta Ƙul ya ayyuhal kafiruna a raka'ar farko, Ƙul huwallahu a ta biyu, amma hadisin bai ƙayyade sura ba, duk abin da ka karanta bayan Fatiha ya wadatar. Bayan sallama sai addu'ar da ta fara da "Allahumma inni astakhiruka bi'ilmika". Mafi yawan malamai sun ce bayan sallama ake yinta, Ibnu Taimiyya ya fifita kafin sallama. Wanda bai haddace ba ya duba takarda ko waya bayan ya sallame, babu laifi.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen "hazal amra" a cikin addu'ar, wato "wannan lamari". Nan ne za ka ambaci buƙatarka, kuma sau 2 wurin yake zuwa, a ɓangaren alheri da ɓangaren sharri. Abu ɗaya ake ambata. Ba a cewa "aikin farko ko na biyu", domin lafazin addu'ar cewa yake: idan wannan lamari alheri ne gare ni a addinina da rayuwata da ƙarshen al'amarina, Ka ƙaddara mini shi, Ka sauƙaƙa mini, Ka sa mini albarka a ciki, idan sharri ne Ka kawar da shi daga gare ni, Ka kawar da ni daga gare shi. Saboda haka mai zaɓi biyu sai ya ɗauki wanda ya fi rinjaye a wurinsa ya yi a kansa. In ya ga dama ya yi wa ɗayan tasa daban.

Bayan nan sai ka tashi ka nufi abin. Ka kai takardun, ka tura magabata. Idan hanya ta buɗe, to, alhamdu lillahi. Idan ta toshe, shi ma abin da ka roƙa ne.

Ummu Sumayya:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Ƙari kaɗan a kan lokaci. Tunda nafila ce, a guji yinta bayan sallar Asuba har rana ta ɗaga, da bayan La'asar har ta faɗi. Ba sharaɗi ba ne sai da dare, ko sai a kwanta nan take ba a yi wa kowa magana ba. Mace mai haila, ko wanda aka matsa wa ya ba da amsa yanzu-yanzu, ya karanta addu'ar kaɗai ba tare da salla ba.

Sannan ba a istihara a kan wajibi ko haram. Aikin da aka san na riba (kuɗin ruwa) ne, ko auren da shari'a ta hana, hukuncinsu a bayyane yake. Aikin Hajji ma ba a tambayar ko a yi, sai dai a kan ita tafiyar da kuma abokan tafiya.

Ɗan Makaranta:
Allah ya gafarta Malam, to masu cewa in an ga fari ko kore alheri ne, baƙi ko ja kuma a janye fa? Da masu ba wa wani ya yi musu?

Abu Hafsa:
Maganar launuka tana cikin wasu littattafan fiƙihu na baya, amma ba ta zo a hadisi ba, ba a gina hukunci a kanta. Wanda ya kwana yana tunanin mace, ba abin mamaki ba ne ya gan ta a barci, wannan zancen zuci ne. Haka natsuwar zuciya: ana la'akari da ita, amma sai a wajen wanda ya shiga sallar bai riga ya yanke hukunci ba. In ka gama ƙulla abinka ka zo neman sa hannu, duk abin da ka ji ra'ayinka ne ya dawo maka.

Maimaitawa ta halatta in ruɗani bai yaye ba. Abdullahi ɗan Zubair ya yi har sau 3 kafin ya sake ginin Ka'aba, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Hadisin da ya ce sau 7 kuwa malaman hadisi sun raunana shi.

Batun ba wa wani, lafazin hadisin ga mai buƙatar yake, shi zai yi da kansa. Ka roƙi iyaye da mutanen kirki su taya ka addu'a, wannan daban. Amma mai karɓar sunanka da na mahaifiyarka ya zana ƙasa ko ya ja carbi ya ce "babu alheri", duba yake yi ko da ya kira shi istihara, kuma aure da yawa ya watse ta wannan hanya.

Malam Na-Zaure:
Kada a manta da shawara, aya ta 159 a Ali Imrana ta haɗa ta da tawakkali. Faɗimatu 'yar Ƙaisu da Mu'awiya da Abu Jahm suka nemi aurenta, wurin Annabi (SAW) ta je, ya faɗa mata halin kowannensu, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Istihara ba ta ɗauke maka binciken halin wanda za ka aura, ko gwajin jini, ko karanta sharuɗɗan aiki kafin ka sa hannu. A nemi wanda ya san harkar kuma ba shi da wata riba a cikin zaɓin da za ka yi.